Kun ce a faɗa muku gaskiya, an faɗa kun hau faɗa

Shekaranjiya wata abokiyar aikinmu da ta shekara huɗu tare da mu ta ajiye aiki, aka kira ta ganawar ban kwana, wadda ake yi don jin dalilin tafiyar ma'aikaci. Ni aka sa in rubuta bayani. Shugaban sashensu, wanda sa'ana ne, ya ce mata, "Malama, ki saki jiki ki faɗi duk abin da ke ranki." Ta ɗan yi shiru tana jujjuya katin aikinta a hannu, sannan ta ce kiran waya bayan an tashi aiki, har cikin dare, ya gajiyar da ita. Ba ta rufe baki ba ya tare ta: "To ke sau nawa kika makara na ɗaga miki ƙafa?" Daga nan ta ja bakinta ta tsuke. Duk abin da aka tambaya sai ta ce, "Ba komai, ranka ya daɗe, ci gaba na samu." Haka na rubuta, zuciyata tana tafasa.

'Yan uwana matasa da Allah ya ɗora bisa kujeru, wannan ɗabi'a ta ishe ni. Ku ne kuka nemi gaskiya, kuma kun san ɗaci gare ta. Don me za ku mai da zaman sallama kotu? Mai tafiya dama a tsorace yake shigowa. Haƙƙoƙinsa na ƙarshe suna hannunku, takardar shaida da sabon wurin aikinsa zai nema ku za ku sa mata hannu, ga abokan da ya bari a ƙarƙashinku. Duk da haka ya daure ya buɗe baki, sai ku tarbe shi da gori. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi kuwa ya shekara yana tara kwano a gurin. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

A 2019 cibiyar Gallup ta Amurka, mai binciken ra'ayin jama'a, ta ruwaito cewa kashi 52 cikin ɗari na waɗanda suka bar aiki don kansu sun ce da shugabanni sun yi wani abu, da ba su tafi ba. Yaya za ku san wannan abin alhali kuna katse mutum tun a jimlar farko? Ko ba komai, wanda ake kuka da shi bai kamata ya zauna a ɗakin ba.

Ban ma taɓo masu kwasar abin da aka faɗa a asirce su kai teburin gulma kafin la'asar ba, da masu cika fom su jefa a durowa, ba mai sake buɗe shi har ƙura ta rufe.

Mun tarar da manya da idan za ka bar aiki suke ajiye biro, su fuskance ka, su saurara har ka gama, ko da maganar a kansu take, su ce maka sun gode. Yanzu mutum yana magana, shugaba yana latsa waya yana jiran inda zai kama shi. Ita dai ta miƙa katinta ta fita, kuma jiya da daddare wanda ya gaji kujerarta ya ce min an kira shi sau uku.