Neman jami'a a Amurka ba irin na JAMB ba ne, iyaye mu gane

Jama'a akwai abinda ya daɗe yana damuna game da yadda mutanenmu suke tunkarar neman gurbin jami'a a nan Amurka, ko masu 'ya'ya a sakandaren nan ko masu nema daga gida. Kusan dukkanmu da tunanin JAMB muke zuwa, kuma ba laifinmu bane, tun 1978 da aka kafa hukumar abinda muka sani kenan. Yaro ya samu kiredit biyar a WAEC ko NECO har da Turanci da lissafi, ya zauna jarabawar darasi huɗu akan maki 400, in jami'ar tana yin tata tantancewar ya je ya yi, shikenan sai jiran admishan a CAPS. A wannan tsarin yaro zai iya wasa a SS1 da SS2, ya zo ya ɗaure wata shida da lesin da tsoffin tambayoyi ya ci maki mai kyau ya shiga, kuma ba wanda zai tambaye shi me ya yi a baya.

To a nan ba haka bane wallahi. Abu na farko da jami'o'in suke buɗewa shine sakamakon aji 9 zuwa aji 12, wato shekaru huɗun ƙarshe na sakandare, zango zango, wanda yake nema daga Najeriya kuma za a nemi makarantarsa ta turo nasa na shekarun sakandare, ba takardar WAEC kaɗai ba. Kuma ba makin kawai suke gani ba, suna duba ko yaron ya ɗauki darussa masu wahala irin AP, wato darussan matakin jami'a da ake yi tun a sakandare, in makarantarsu tana da su, ko kuwa ya bi masu sauƙi dan risalt ya yi kyau. Shi yasa uban da ya bari sai ɗansa ya shiga ajin ƙarshe sannan ya fara tambayar ina ake sayen fom, gaskiya ya makara, rabin fom ɗin an riga an rubuta shi tun shekara uku baya.

SAT ma da muke ɗauka ita ce JAMB ɗinsu, ba ita bace. Akan maki 1600 ake yinta, lokacin korona jami'o'i da yawa suka ce ba dole bane, daga baya MIT ta dawo da ita a 2022, Harvard da Yale da Dartmouth suka biyo baya a 2024, jami'ar California kuwa ba ta ma kallonta kwata kwata. A yi ta, a yi ta da kyau, amma ba wani maki da in ka kai shi ka shiga. Harvard ba ta ɗaukar ko mutum 5 cikin 100 na masu nema, kuma cikin waɗanda take mayarwa akwai masu maki kusan cikakke birjik.

Inda zuciyata ta fi tsayawa shine sauran fom ɗin, dan nan ne yaranmu suke zubar da abinda suke da shi. Common App, fom ɗin neman gurbi na intanet wanda jami'o'i sama da 1,000 suke karɓa, yana da gurbi goma na abubuwan da yaro yake yi bayan aji, kowanne da harafi 150 kacal na bayani. Sai kaga yarinya ta bar wajen kusan fayau tana cewa ai ita ba ta cikin kulob ko ɗaya, alhali kullum ita ke kula da ƙannenta bayan makaranta, ita ke raka kakarta asibiti tana mata tafinta, ita ke koya wa yaran maƙota lissafi. Duk wannan ana rubuta shi, akwai ma rukunin ɗawainiyar gida a cikin fom ɗin da kansa. Yaron da yake aiki ƙarshen mako yana taimakon gida shima ya rubuta, da awa nawa a sati da shekara nawa ya yi. Abu biyu ko uku da aka daɗe ana yi da gaske sun fi goma da aka shiga a watan ƙarshe dan cike gurbi, masu karantawa sun saba gani, suna ganewa.

Sai insha'i, kalma 650 iyaka. An rene mu akan cewa yabon kai jahilci, kuma ni har gobe na yarda da hakan, amma ba yabon kai ake nema ba, so suke su ji yadda yaron yake tunani da bakinsa. Matsalar sai kaga an tafi ɗayan ɓangaren, yaro ya cika takarda da manyan kalmomin Turanci yana cewa zai ceto Afirka, ko baba ya karɓa ya gyara har ya koma kamar wasiƙar neman kwangila, yanzu kuma ga ChatGPT. Dan Allah iyaye ku karanta ku ba da shawara, amma ku bar alƙalamin a hannun yaron. Ya ɗauki abu ɗaya ƙarami da ya faru da shi da gaske, ya faɗi me ya yi, me ya canza a kansa, ya rubuta ya ajiye ya sake rubutawa. A fara a hutun bazara, dan fom ɗin 1 ga Agusta yake buɗewa.

Wasiƙar malamai ma haka, yawanci malami ɗaya ko biyu da mai ba ɗalibai shawara. A gida mun saba da takardar shaida mai layi uku, yaro ne mai ladabi da ƙwazo, hatimi, sa hannu. Irin wannan ba ta ƙara komai a nan. A nemi malamin da ya san yaron a aji ko da ba shine shugaban makaranta ba, a ba shi lokaci, a tuna masa takamaiman abubuwan da yaron ya yi.

Kar a ce ina fifita nasu. JAMB da duk matsalolinta tana da wani adalci, ɗan talaka in ya ci makinsa ba wanda zai ce insha'insa bai burge ba. Tsarin nan kuwa mai kuɗi yana ɗaukar ƙwararre ya tsara wa ɗansa komai tun aji 9, wasu jami'o'in ma har yau suna fifita 'ya'yan tsoffin ɗalibansu. Ni na Ingila ya fi kwanta min, fom ɗinsu na UCAS zaɓi biyar ne, kuma bayanin da zaka rubuta akan kwas ɗin da kake so ne. Amma in Amurka yaro ya nufa, da dokar wajen zai yi wasa.

Maganar kuɗi a yi ta tun farko kafin yaro ya ƙwallafa rai. Wajen neman tallafin kuɗi, ɗan ƙasa da mai katin zama fom ɗin FAFSA zasu cike, mai nema daga waje kuma yawanci CSS Profile, kuma jami'o'i kaɗan ne irin Harvard, Yale, Princeton, MIT da Amherst suke ɗaukar baƙo ba tare da duba aljihunsa ba. Wanda yake Najeriya ya nemi EducationUSA, cibiyar gwamnatin Amurka mai ba da shawara akan karatu, a Abuja ko Legas kafin ya kai kuɗinsa wajen ejan. A yi hattara da Early Decision, wato neman gurbi da wuri a jami'a ɗaya a farkon Nuwamba, alƙawari ne, in sun ɗauke ka dole ka janye sauran, kaga ba damar kwatanta tallafin wannan da na waccan. Wanda sikolashif ne zai kai shi gara ya bi neman da aka saba na Janairu, ya jera makarantu har da waɗanda ba a san sunansu a gida ba amma suna ba da kuɗi, amsa ta zo a Maris ko Afrilu, yana da har 1 ga Mayu ya zauna da iyayensa su zaɓa.