Ruwan Hoto

Ranar 22 ga Maris ce, wadda aka ce ita ce ranar ruwa ta duniya, a wani ƙauye da ke gabas da Haɗeja. Tun da hantsi Sankira ya zaga gari da shelar cewa baƙi na tafe daga sakatariya a kan maganar ruwa. Da jin an ambaci ruwa sai mata suka fito da bokitai, yara da jarkoki, Arɗo ma ya karkato da shanunsa. Mota ta tsaya a gindin tsamiyar ƙofar Maigari. Abin da aka sauke: lasifika ɗaya, doguwar bana mai rubutu, da ƙunshin riguna.

KANSILA: Maigari, Allah ya ja zamaninka. Jama'a, albishirinku!

JAMA'A: Goro!

GWAGGO: Fari tas. Ɗan nan, tankar tana baya ne?

KANSILA: Wace tanka, Gwaggo?

GWAGGO: Ta ruwan mana. Ko ka ga na ɗauko bokiti don in zuba jawabi?

KANSILA: Ai abin da muka kawo ya fi tanka. Tanka a sha ta ƙare. Ƙaramar hukumarmu ce ta shiga gamayya da sauran ƙananan hukumomin da ke gaɓar kogin nan, na Kano da na Jigawa, domin wayar da kan al'umma game da ruwa.

ARƊO: Aradu ban gane ba. Kan wa ya yi duhu?

BABARBARE: Naka mana, bawana. Tun da aka haife ka ba a kunna fitila a cikinsa ba.

ARƊO: Ji bawa yana magana a gaban ubangidansa! Maigari, a ba shi riga ɗaya ya rufe baki.

MAIGARI: Ku dakata. Honarabul, ita gamayyar nan kamar adashi take? Kowa ya zuba, ɗaya ya kwasa?

KANSILA: A'a, ranka ya daɗe. Kowace ƙaramar hukuma tana ba da nata kason, a buga riguna, a sayi fili a rediyo, a yi taron bita a Dutse.

MAIGARI: To ai adashin ke nan. Yaushe kwasarmu?

Kansila ya yi kamar bai ji ba. Ya zaro takarda daga aljihu, ya hura lasifika sau biyu, har wata akuya ta tsinke igiya.

KANSILA: Darasi na ɗaya. Ruwa shi ne rayuwa.

GWAGGO: Ikon Allah! Shekara saba'in ina zaton ƙuli-ƙuli ne.

KANSILA: Na biyu. Kada a bar famfo a buɗe yana zuba a banza.

Wuri ya yi tsit. Aka dubi juna.

MAIGARI: Sankira, maza je ka rufe famfon.

SANKIRA: Ranka ya daɗe, na Haɗeja ko na Kano? In na Kano ne sai an ba ni kuɗin mota.

KANSILA: Na uku. A riƙa wanke hannu da sabulu a ruwa mai gudana.

ƊAN GA-RUWA: Wannan kam akwai. Nawa har gudu yake yi, in na saki kurar a gangaren makaranta.

KANSILA: Jama'a, ku daina mai da abin wasa. Kun manta a 2022 Jigawa ce jiha ta farko a duk Najeriya da aka tabbatar ta daina bahaya a fili? Da me aka kai nan in ba da wayar da kai ba?

BABARBARE: Gaskiyarka, Honarabul. Masai kam kowane gida mun haƙa, har da murfi. Butar ce dai take shiga a bushe ta fito a bushe.

Duk wannan abin da ake yi Sarkin Ruwa na zaune a gefe yana ɗinkin koma, bai ce uffan ba. Shi irin mutanen nan ne da ba sa magana sai an kusa tashi, in kuwa suka fara sai an nemi tabarma.

SARKIN RUWA: Honarabul, in tambaye ka. Ruwan kogin nan daga ina yake zuwa?

KANSILA: Daga... sama mana. Wato daga yamma.

SARKIN RUWA: To zauna in wayar maka da kai, kyauta, ba sai ka ba ni riga ba. Kogin Kano da na Challawa ne suke haɗuwa, su biyo ta Wudil, su ratsa ƙasar Ringim, su iso Haɗeja, su wuce Nguru da Gashuwa suna neman Tafkin Chadi. Zamanin ubana, da damina kogi ya cika ya malale fadama, da rani ya janye ya bar mana kifi a gurbi, ya bar wa manomi danshi. Sai aka gama dam ɗin Tiga a 1974, zamanin Audu Baƙo, aka ƙara na Challawa a ƙasar Ƙaraye a 1992. Tun daga nan ruwa ya daina bin kalandar Allah, ya koma bin ta ma'aikata.

MAIGARI: A yi hattara da harshe, Sarkin Ruwa.

SARKIN RUWA: Tuba nake, ranka ya daɗe. Abin nufi, yanzu rani da damina hanyar ruwa ba ta bushewa, ita kuwa ciyawar kacalla abin da take so ke nan. Ta tsiro ta toshe hanyoyin. Ruwan ya rasa ta inda zai bi, sai ya shiga gonar wanda bai gayyace shi ba, ya ƙi zuwa wurin wanda ke roƙonsa. Tsuntsun jan-baki kuma ya samu masauki a cikin kacallar, ya kwana a nan, da safe ya yi kalaci da shinkafarmu. A 2022 da kwalekwale na shiga zauren Maigari. Yau ga shi a garin nan ana sayen jarka.

KANSILA: Yawwa! Ka ga amfanin gamayya ke nan. Kogi ɗaya ne, dole na sama da na ƙasa su zauna tare.

SARKIN RUWA: Wannan gaskiya ne, ban ƙi ba. In za a saki ruwa daga Tiga, a ce na Kano ya ɗaga waya ya gaya wa na Jigawa, mu kwashe tukwanenmu da wuri. In za a yanke kacalla, a yanke ta tun daga sama har ƙasa, don in mu muka share tamu maƙwabta ba su share ba, aikin baban giwa ne. Amma ai ko a 2006 jihohi shida sun zauna a Damaturu a kan kogin nan, har asusu suka kafa. Ita kacalla ba ta halarci taron ba, shi ya sa ba ta san an yanke mata hukunci ba.

ARƊO: A gamayyar nan akwai kujerar shanu? Don mashayar da kakana ya shayar, bara na je na tarar da albasa.

BABARBARE: Kujerar shanu ai kai ne a kai.

GWAGGO: Ku bar shirme ku ji. Ɗan nan, ni na ga wayar da kai na gaske, lokacin kurkunu. Kai ba ka san shi ba. Tsutsa ce kamar zare, ta fito maka a ƙafa, a riƙa naɗe ta a tsinke kullum kaɗan-kaɗan, mutum ya yi wata a kwance, daminarsa ta wuce. Mutanen da suka zo mana a kan haka ba da baki kawai suka zo ba. Kowace mace sai da aka danƙa mata ƙyallen tace ruwa a hannu, aka nuna mata yadda za ta ɗaura a bakin tulu. Har Janar Gowon yawo ya riƙa yi ƙauye-ƙauye a kan maganar. Yau ina kurkunu?

KANSILA: An tabbatar babu shi a Najeriya tun 2013.

GWAGGO: To ka gani. Su sun zo da magana a baki, abu a hannu. Kai me ke hannunka?

KANSILA: Riga, Gwaggo.

GWAGGO: Miƙo. In yadin mai kyau ne ta yi tata.

MAIGARI: Honarabul, tunda Allah ya kawo ka, ga tuƙa-tuƙarmu can bayan masallaci. Damina biyu ke nan ba ta ɗiga ba. Mai gyara ya zo ya duba, ya ce robar ciki ce ta cinye, sai sanda ɗaya da ta tsage. Mun yi karo-karo, kuɗin bai kai ba.

KANSILA: Allah ya ba ka nasara, gyara ba ya cikin hurumin gamayya. Wannan na sashen ayyuka ne. Mu namu faɗakarwa.

MAIGARI: Rigunan nan guda nawa ne?

KANSILA: Ɗari biyu.

MAIGARI: Sankira, kai da ka yi firamare, riga ɗari biyu roba nawa ke nan?

SANKIRA: Ranka ya daɗe, lissafin zai ɓata zumunci.

Nan direba ya matso ya raɗa wa Kansila cewa rana tana yi, kuma ba a ɗauki hoton rahoto ba. In ba hoto, sakatariya ba ta san an zo ba, in ba ta san an zo ba, alawus bai san hanyar aljihu ba. Aka ɗunguma zuwa bayan masallaci. A gindin tuƙa-tuƙar wata kaza ta yi sheƙa, hannun kuma yara sun mai da shi lilo.

KANSILA: Hoton yana bukatar a ga ruwa yana zuba, jama'a suna murna.

MAIGARI: Murna dai za a iya nemowa.

ƊAN GA-RUWA: Honarabul, kawo kunnenka. A cire murfin kan, ni in laɓe a bayan banar nan in riƙa ɗura jarka ta sama, ruwa ya fito ta baki. Kai kuma ka kama hannun kana tuƙawa. Ko injiniya ba zai gane ba.

KANSILA: Kai, Allah ya yi maka albarka! Nawa jarkar?

ƊAN GA-RUWA: Ɗari biyar.

KANSILA: Ɗari biyar? Ɗazu na ji ka sayar wa wata ɗari da hamsin!

ƊAN GA-RUWA: Ɗazu kaina bai waye ba. Yanzu na san ruwa shi ne rayuwa.

Kansila ya biya yana ƙunƙuni. Arɗo da Babarbare suka riƙe bana, kowa na cewa ɗayan ne ya karkata ta. Aka sa wa yara riguna har gwiwa. Kansila ya naɗe hannun babbar riga ya kama tuƙi, ruwa ya ɓulɓulo, direba ya ɗauka. Gwaggo kuwa tuni ta tura bokitinta ƙarƙashin bakin famfon, ko ɗigo bai taɓa ƙasa ba.

KANSILA: Alhamdu lillahi. Mu tafi.

GWAGGO: Tsaya, ɗan nan. Na ƙifta ido a wannan. A sake.

KANSILA: Gwaggo, ai ba kya ma cikin hoton.

GWAGGO: To ka ga dalilin sakewa. Ke Ladi, kawo ɗaya bokitin.

MAIGARI: Ni ma rawanina ya karkace. Hoton da za a kai Dutse ba a yi masa gaggawa. Sankira, a ɗauko randar zaure.

ƊAN GA-RUWA: Saura jarka tara a kura, Honarabul. In ka saye duka zan rage maka hamsin.

Kafin Kansila ya buɗe baki layi ya kai ƙofar masallaci, kowa da abin tara ruwa, kowa da aibin da ya gani a hoton farko. Liman ya ce bai yi murmushi ba, ga butocinsa shida. Can sai aka ji ƙaho yana ture mutane daga baya.

KANSILA: Arɗo, wannan kuma fa?

ARƊO: Aradu, Honarabul, ita ma ta ƙifta.