Gidan Abincin da Masu Taya Suka Yaba

Duk wanda ya taɓa doguwar tafiya a mota ya san direba ba ya cin abinci inda ake auna shi da cokali. Inda ka ga manyan motoci sun yi layi a bakin hanya, faranti a wurin sai da hannu biyu ake ɗauko shi. Da wannan ilimin na tsaya a ƙofar wani gidan abinci, a tsakiyar wani babban birni da ofis ya tura ni taro, ina karanta wani ɗan jan allo da aka manna a bango. An rubuta Michelin, ga shekara, ga wani zane mai kama da fure. Michelin dai na san shi, a jikin taya. Na ce a raina, wurin da kamfanin taya ya yaba ai wurin direbobi ne. Yau ciki ya samu.

Kafin in kai nan na sha wuya. Taron ya ja mu har rana ta faɗi, abincin rana kuwa ɗan burodi ne da aka yanka kusurwa uku aka soka masa tsinke, kowa ya ɗauki biyu yana satar kallon na kusa da shi, kada a ce ya cika ci. Ana tashi 'yan gari suka watse, kowa ya nufi tukunyar gidansa, aka bar ni da jaka da katin suna rataye a wuya. Gidan abincin farko da na shiga ba su da takardar jerin abinci. Wani ɗan baƙin zane ne mai kusurwa huɗu a kan tebur, wai in haska shi da waya. Wayata ta mutu tun da rana, cajar kuma tana otal. Na roƙi yarinyar da ke wurin ta kawo mini na takarda, ta ce tun lokacin korona suka daina bugawa. Shi wannan zanen da ake kira QR, wani kamfanin Japan mai suna Denso ne ya ƙirƙiro shi a 1994 don bin sawun kayan haɗa mota a masana'anta. Wato tun daga farko har ƙarshe, masu mota ne suka shirya mini wannan dare. Gida na biyu layi ya fito har titi. Ina cikin neman na uku aka fara yayyafi, sai ga jan allo.

Wani dogo cikin baƙar kwat ya tare ni da murmushi, ya tambayi sunan da aka kama wuri da shi. Na ce ban kama ba. Ya dubi littafinsa, ya dube ni, ya ce na yi sa'a, ruwan nan ya hana wani zuwa. Kafin in gode masa wani ya zagayo ta bayana ya zare mini rigar sama, ya tafi da ita wani ɗaki. Ciki shiru. Ba ƙarar tukunya, ba mai zufa, ba mai ɗaga murya a ƙaro masa nama. Tebur da tebur akwai tazarar da za a iya faka mota, amma direba ko ɗaya ban gani ba.

Aka zaunar da ni gaban cokula da wuƙaƙe jere dama da hagu, kai ka ce tiyata za a yi. Wani ya zo da littafin giya mai kauri, na ce ruwa kawai, ya sunkuyar da kai kamar na yi masa rasuwa. Sannan ya tambaye ni wane irin ruwa, mai gas ko marar gas. Na zaɓi marar gas, don ban zo wasa ba. Takardar abincin kuwa kati ɗaya ce, kuma ba zaɓi ake yi ba. Abin da kuku ya ga dama shi za a kawo, ɗaya bayan ɗaya, kusan kala goma. Can ƙasa akwai wata lamba da aka rubuta ƙarama, ba alamar kuɗi a gefenta. Na kalle ta na ɗan lokaci ina fatan lambar gida ce.

Tashi ya kamata in yi. To amma rigata tana hannunsu, ruwa ya tsuge a waje, an riga an buɗe mini kwalba. Na zauna.

Dokar ofishinmu a kan tafiya ba ta da wuyar fahimta. Akwai iyakar abin da za ka ci a rana, kuma sai ka kawo rasit a mayar maka. Ba rasit, ba ko sisi, ko da ka zo da shaidu. Saboda haka ma'aikaci a bakin aiki ciki biyu yake ci wa abinci, nasa da na akanta. Na zaro littafin rubutun da aka raba mana a taro, na fara lissafin alawus ɗin kwana nawa wannan zama zai haɗiye. Na haɗa, na raba, na goge, na sake. Ina ɗaga kai na ga ma'aikata biyu suna raɗa suna kallona.

Faranti na farko ya iso, fari, faɗinsa ya kai sitiyari. A tsakiyarsa akwai wani abu da bai fi kan babban yatsa ba, an ɗora masa ganye ɗaya. Mai kawo abincin ya haɗe hannuwa a baya ya fara bayani: sunan tekun da aka kamo abin, gonar da ganyen ya fito, awoyin da aka yi ana tace romon. Ya kai minti biyu yana magana. Na cinye a loma ɗaya, ita ma ban cika baki ba. Gaskiya dai da daɗi. Daɗin ne ma ya ta da yunwar da ta fara gyangyaɗi.

Na biyu kumfa ce. Kumfa sosai, wadda in ka daɗe kana kallonta za ta koma inda ta fito. Na uku miya ce da aka zubo daga wata 'yar buta a kan ɗigo uku na wani abu kore. Duk farantin da aka ɗauke sai a tafi da cokali ɗaya, a nan na gane ashe daga waje ake farawa a shigo ciki. Ni kuwa duk wanda aka ɗauke sai in ja layi a littafina, ina ƙirga saura nawa kafin a kai ga abinci. Ina jan layi ana ƙara mini ruwa. Ina jan layi ana ƙara mini murmushi.

Burodi ne ya riƙe raina. Shi kaɗai ne ake ƙarowa ba a yi wa'azi a kansa ba. Na ci na farko, na ci na biyu, na daina jin kunya. Ɓurɓushin da ya zuba a kan farin mayafin tebur ma na sa masa ido, ina shirin dangwale shi da yatsa in an juya baya, sai ga wani da ɗan ƙarfe siriri ya zo ya share shi tas cikin tafin faranti, ya tafi da shi.

Sai washegari a wurin taro wani abokin aiki, bayan ya gama dariya har da hawaye, ya warware mini abin da ya sa ake ta lallaɓa ni. Littafin Michelin ya fara fita a Faransa a 1900. 'Yan'uwa biyu masu kamfanin taya, André da Édouard Michelin, su suka buga shi suna rabawa kyauta, da taswira da wuraren kwana da inda za a samu mai da makaniki, don masu mota su yawaita tafiya taya ta cinye su sayi sabuwa. A 1926 aka fara bai wa gidajen abinci tauraro, a 1931 aka kai shi har uku. Abin da na ɗauka fure ne, tauraro ne. Ka ga ashe zancen direbobin ban yi nisa da gaskiya ba, shekara ɗari da 'yan kai kawai na makara. Masu duba gidajen abincin kuwa ba sa faɗin ko su wane ne. Suna zuwa kamar kowa, su ci, su biya, su tafi, kuma tauraron da aka bayar bana ana iya janye shi baɗi. To ga mutum shi kaɗai, baƙo, ya faɗo ba sanarwa, fuska a ɗaure, kowane faranti sai ya yi rubutu. Me kake so su ɗauka?

Can dai aka kawo nama. Naman rago, yanka biyu, kowane ya kai yatsu biyu a haɗe, da ɗan dankali a gefe. Wannan ne karon farko da na ga abin da ke buƙatar haƙori. Na ci yanka ɗaya a hankali, na lumshe ido. Na ce bari in ja wa na biyun rai, in sha ruwa, in bar shi ya zama na ƙarshe a baki. Don kada in ɓata musu mayafi, na haɗa wuƙa da cokali mai yatsu na jera su gefe da gefe a kan faranti, tsaf. Na ɗaga kofi. Kafin in sauke, faranti ya yi gaba. A irin waɗannan wurare, jera su haka na nufin ka ƙoshi. Na bi bayan yaron da ido har ƙofar kicin ta rufe, namana yana kai, bakina cike da ruwan da zan biya.

Ba a jima ba kuku da kansa ya fito, da farar riga, ya tsaya a kaina cikin damuwa. Ya ce ya ga na bar rabin naman, ko akwai abin da bai yi ba? Ga dama ta samu in ce a dawo mini da abina. Amma duk ɗakin ya juyo yana kallo, sai na ji bakina yana cewa komai ya yi, na gode. Ya saci kallon littafina. Na rufe da sauri, don shafin ba komai sai lissafin raba kuɗi da kalmar "kaito" da na ja wa layi biyu. Rufewar nan ta ƙara tsorata shi. Aka aiko mini da kayan zaƙi na musamman, kyauta daga kicin. Girmansa bai kai maɓallin riga ba.

Takardar kuɗi ta zo a cikin wani ɗan akwati na katako. Lambar nan ta ƙasan kati ta hayayyafa. Ruwan da ake ta zuba mini ashe kwalba-kwalba ake ƙirgawa, ga kuɗin hidima an ɗora, ga haraji. Aka kawo na'urar katin banki, ita ma ta tambaye ni ko zan ƙara tukwici. Wannan al'amari kowace ƙasa da nata: a Amurka kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari ake sa ran ka bari, a Japan kuwa in ka bar kuɗi a tebur ana iya biyo ka da su a ce ka yi mantuwa. Ni ba lissafin ƙasa nake ba, yaron da ya tafi da namana ne tsaye a kaina yana murmushi. Na danna na tsakiya. Na'ura ta yi tunani, ta tofo rasit dogo. Na ninke shi da ladabi na sa a aljihun gaba, don a lokacin duk abin da na mallaka bai kai shi daraja ba.

Kusa da tashar jirgin ƙasa na ga wata rumfa, hayaƙi na tashi, direbobin tasi sun kewaye ta suna ci a tsaye. Mai wurin bai tambayi sunana ba. Ya cika mini kwali da shinkafa da kaza har murfi ya ƙi rufuwa, a kan abin da bai kai kuɗin ruwan da na sha a can ba. Na ce ya ba ni rasit. Ya miƙo mini takardar goge hannu.

Daga nan zuwa otal ruwa ya yi mini dukan da ya ga dama. Ina shiga ɗaki na zaro rasit, ya jiƙe sharkaf, ya manne, amma rubutun na nan. Na buɗe shi a hankali kamar mai cire bandeji. A cikin kabad akwai dutsen guga. Na ce minti ɗaya ya bushe ya miƙe, akanta ta ga aiki mai tsafta. Na shimfiɗa shi, na jira dutse ya yi zafi, na ɗora, na ja sau ɗaya.

Irin wannan takarda ba tawada ake buga ta da ita ba. An shafe fuskarta da wani sinadari da ke yin baƙi in ya ji zafi, na'urar kuma ɗigo-ɗigo take ƙona wuraren da take son rubutu ya fito. Shi ya sa rasit ke dushewa in ya daɗe a rana ko cikin mota. Ni kuwa na ba shi zafin gaba ɗaya. Na ɗaga dutse na ga baƙi wuluk daga sama har ƙasa, a miƙe sumul, ba ko lanƙwasa. Garin gyaran gira an rasa ido.

Da na koma ofis na kai wa akantarmu takardun tafiya, baƙin yana sama, na maƙale shi da kilif. Ta ɗaga shi ta duba ta hasken taga, ta juya bayansa.

"Malam, wannan rasit ne ko takardar kabon?"

"Rasit ne, Hajiya. Guga ya sha."

Ba ta tambaye ni dalili ba, ta daɗe a aikin nan. Ta ce in rubuta wa gidan abincin su turo kwafi. Na rubuta, ko awa ba a yi ba suka turo, da doguwar gaisuwa, da fatan sun gamsar da ni, da alkawarin tebur duk ranar da na dawo. Na buga na kai mata. Ta bi layukan da bakin biro, ta tsaya a kan ruwa, ta ɗago ta dube ni, ta ci gaba. Da ta kai jimla ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur.

"Mutum nawa kuka ci?"

"Ni kaɗai, ranki ya daɗe."

"Ka ƙoshi?"

"A'a."

Ta turo mini takardar da ɗan yatsa ɗaya. "Ɗauke wannan daga gabana. Miƙo mini baƙin."