Yaranmu da ke auna zafi a jami'a: mu kai musu matsalolinmu

Assalamu alaikum 'yan'uwa na Garwa, Marwa, Ngaundere da Kusiri a arewacin Kamaru, da na ƙetaren gada a Njamena.

Babu abin da ke cin kuɗinmu da lafiyarmu a wannan yanki kamar zafi. Daga watan Maris har ruwan farko ya sauka, ma'auni a Garwa da Marwa yana haura digiri 40 kusan kullum. Tsoho ya kasa barci a ɗaki, jariri ya feso da ƙuraje, tumatir ya ruɓe a kwando kafin la'asar, batirin sola ya mutu tun lokacinsa bai yi ba. Wanda ya yi azumin 2024 bai manta ba. A makon farko na Afrilun shekarar, garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5, mu ma a nan mun ɗanɗana namu rabon. Amma ga yaranmu a sashen injiniyan inji na jami'o'i, sun shafe shekaru suna karantar yadda zafi ke tashi daga wani abu ya shiga wani, mu kuma ba mu taɓa ɗaukar matsala ɗaya mun kai musu ba. Abin nan yana ci mini rai, shi ya sa na zauna rubutun nan. Yana da tsawo, ku yi haƙuri da ni.

Ɗan yayata yana cikinsu. Lokacin da na kai masa ziyara makaranta ya shigar da ni ɗakin gwajinsu. Na zaci zan ga manyan injuna masu ƙugi. Abin da na tarar a kan teburinsa sandar jan ƙarfe ce, tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba, an naɗe ta da audugar gilashi. Ɗaya bakin an ɗaura masa abin ɗumamawa na lantarki, ɗaya bakin ruwan sanyi na zagaya shi a cikin tiyo. A jikin sandar an huda ƙananan ramuka a jere, kowane rami da siririyar waya a ciki. Ya ce mini, "Kawu, wannan waya ƙarfe biyu ne daban aka haɗa bakinsu. Idan bakin ya ɗumama sai ya haifar da 'yar wutar lantarki, daga yawanta muke sanin digiri nawa ne a wurin." Sai muka zauna jira. Lamba tana hawa a hankali, shi da abokiyar aikinsa suna rubutawa a littafi duk bayan 'yan mintuna, ba mai magana. Ba za su karɓi awon ba sai lambar ta tsaya cak ta daina motsi. Ya ce idan aka ɗauke wuta kafin nan, aikin yinin ya tashi a banza, sai sandar ta huce a sake daga farko.

Abin da suke tabbatarwa a teburin nan ƙa'ida ce da wani Bafaranshe, Joseph Fourier, ya wallafa tun 1822: yawan zafin da ke ratsa abu ya danganta da irin abin, da kaurinsa, da faɗinsa, da bambancin zafin ɓangarorinsa biyu. Shekara ɗari biyu ke nan. Ba wanda ke jiran yaron Garwa ya sake gano ta. Amfanin sandar shi ne ta koya masa haƙuri da gaskiya wajen awo, kuma waɗannan biyun su ne ba mu da su a kasuwa.

Ku ɗauki rufin kwano. Da tsakar rana, hasken da ke sauka a kan murabba'in mita ɗaya yana kusan wat 1,000. Ɗaki mai mita 4 tsawo, 4 faɗi, rufinsa na karɓar kusan wat 16,000, kamar a jera dutsen guga na lantarki goma sha shida a kanka a kunna su gaba ɗaya. Sabon kwano mai ƙyalli yana mayar da wani kaso sama. Da ya tsufa ya yi tsatsa, ƙura ta hau shi, sai ya shanye mafi yawa. Kwano kuwa ƙarfe ne siriri, zafin yana ratsa shi nan take, sai ya riƙa fesowa ƙasa a kan duk wanda ke ɗakin, ko da iska ba ta motsa ba. Shi ya sa fanka ba ta raba ka da shi, iskar mai zafi kawai take juyawa. Kakanninmu da suka yi soro da tubali da rufin azara sun san bango mai kauri yana riƙe zafin rana sa'o'i kafin ya isa ciki. 'Yan ƙabilar Musgum na wajen Pus da Maga sun gina dogayen ɗakunansu na laka da 'yar ƙofa a ƙololuwa, iska mai zafi ta tashi ta fice. A Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando a 2001 da tubalin ƙasa, ya ɗaga kwanon sama da silin ya bar iska na wucewa tsakani. A 2022 aka ba shi lambar Pritzker, wadda ta fi kowace girma a fannin zanen gine-gine.

To duk wannan sananne ne. Tambayar da ta rage ita ce ta maigini da mai gida: tazara nawa za a bari tsakanin kwano da silin? Silin katako ya fi, ko zana, ko buhunan ƙaiƙayi? Farin fenti a rufi zai kai wata nawa kafin ƙurar hunturu ta kashe amfaninsa? Ƙasar Pitowa da ta Gider ɗaya suke wajen riƙe zafi? Bangon laka da ke kare ka da rana shi ne kuma ke sako zafin da dare har mutane su fito tsakar gida, to kauri nawa ne daidai? Kowane maigini zai ba ka amsa da bakinsa, kuma amsoshin sun saɓa wa juna, domin ba wanda ya auna. Littafin da aka rubuta a Faransa ma ba zai ba ka ba, su damuwarsu yadda za su tsare ɗumi a ɗaki lokacin sanyi. Wannan aikin yaro ne mai waya goma da littafin rubutu da haƙurin bazara guda.

Kuma kar wani ya ce ƙaramin abu ne. Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta daga Jigawa a Najeriya, tukunya biyu ya haɗa, ƙarama cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ilimin randa ne wanda kowace uwa ta sani: ruwan da ke tsattsafowa ya bushe yana tafiya da zafi. Lita ɗaya idan ta bushe tana kwashe zafin da, a lissafi, ya isa ya sauke fiye da lita 50 na ruwa da digiri 10. Da wannan tukunya kayan miya suka riƙa yin kwanaki ba su lalace ba, har kamfanin Rolex ya ba shi kyauta a shekarar 2000. Amma tukunyar tana aiki sosai ne a busasshiyar iska irin ta bazararmu. Da damina ta zauna, iska ta cika da laima, sai ƙarfinta ya ragu. Mai sayar da ganye a kasuwar Marwa tana bukatar wanda zai gaya mata wata nawa za ta dogara da ita, da girman da ya dace da kwandonta.

A nan ne nake da magana da jami'o'in kansu. Ngaundere ta zama jami'a tun 1993, Marwa 2008, Garwa 2022, ta Njamena kuwa tun 1971. Makarantar injiniya ta Marwa har sashen makamashi mai sabuntawa gare ta. Ba rashin makarantu ke damunmu yanzu ba. Abin da na lura da shi shi ne yaro zai yi wata da watanni yana aiki, ya rubuta kundi da Faransanci, ranar kare kundin a gaban malamai a sa kwat, iyaye su zo, a yi hotuna, a ci abinci, sai kundin ya hau kanta ya zauna. Mai waldan da ya haɗa masa na'urar busar da tumatir bai taɓa jin sakamakon ba. Matar da ke shanya kauɗa a kan tabarma a bakin hanya ba ta san an yi ba. Wasu kuma, saboda kayan awo sun yi ƙaranci, sukan koma kwamfuta kacokan, su zana ɗaki a ciki, su sa masa lambobin bulo da iskar wata ƙasa, su fito da hotuna masu ja da shuɗi. Ba na raina lissafin kwamfuta, da shi ake ƙera injin jirgi. Amma lissafin da ba a gwada shi da awo na zahiri ba, ban yarda a ɗora ginin talaka a kansa ba.

Na san abin da wasu malamai za su ce, domin an faɗa mini a fuska: jami'a ba garejin walda ba ce, aikinta ilimi mai zurfi, kuma ɗalibi yana bukatar takardar da mujallar waje za ta karɓa. Na yarda da rabin maganar. Sai dai rumbun albasa ba ƙaramin lissafi ba ne. Albasa abu ne mai rai, tana numfashi, tana fitar da ɗumi da laima daga tsakiyar tsibi, iska na shiga ta wani gefe ta kasa kaiwa wani. Wanda ya iya warware wannan da lambobi na gaskiya ya yi ilimi mai zurfi, kuma mujalla za ta karɓa, domin ba kowa ke da irin albasarmu da irin zafinmu ba. Haka bandar kifi a Maga da bakin Tafkin Cadi: itace nawa ke tafiya a banza, me ya sa kifin ƙasa ke ƙonewa na sama bai bushe ba. Haka murhun duwatsu uku, wanda abin da ke shiga tukunya daga zafin itacensa bai cika wuce kashi 15 cikin ɗari ba, alhali daji na ƙarewa, mata na shaƙar hayaƙi.

Ga sola kuma, da ta cika gari. An kafa manyan tashoshi a Marwa da Gider, su biyun megawat 30 lokacin da aka buɗe su a 2023, domin wutar madatsar ruwa ta Lagdo ba ta isar mu kullum. A gidaje kuwa kowa na ɗora farantin sola. Mutane da yawa sun ɗauka yawan zafi yawan wuta ne. Haske farantin ke so, zafi rage masa ƙarfi yake yi, kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kan kowane digiri da ya haura 25. Farantin da ya kai digiri 65 ya yi asarar kusan kashi 16. Amma kullum ina ganin masu haɗawa suna manna shi a jikin kwano ba tazarar da iska za ta bi ta ƙasa, su kuma ajiye batir a ɗakin da ya fi kowane zafi a gidan. Mai gida ya biya kuɗi, ya zargi kaya, alhali ɗora su ne aka yi ba daidai ba.

Mu ma 'yan kasuwa da masu sana'a laifinmu babba ne. Muna da ƙungiyar masu albasa, ta masu kifi, ta magina, ta masu walda. Muna tara kuɗi don walima da tarbar baƙi. Wayoyin awo da 'yar na'urar da ke adana lambobi ba su kai kuɗin buhunan albasar da ke ruɓe wa mutum ɗaya a shekara ba. Me zai hana ƙungiya ta saya, ta je wurin shugaban sashe ta ce ga matsalarmu, ga rumbunmu, a ba mu ɗalibi biyu? Na ga yadda abin ke kyau idan an haɗu. Ɗan yayata ya kai zanen akwatin busarwa wurin wani dattijo mai walda a unguwarmu. Dattijon ya duba takardar ya ce, "Yaro, wannan ƙofar taka mace ba za ta iya buɗe ta da tire a hannu ba, kuma bututun hayaƙin nan iskar gabas za ta kayar da shi." Yaron ya ce, "Baba, to yaya za a yi?" Suka durƙusa a ƙasa su biyu, dattijo na zane da guntun alli, yaro na lissafin faɗin da iska ke bukata. Akwatin da ya fito ba na takardar ba ne, ya fi shi.

Ku kuma ɗalibai, ina roƙonku abu biyu. Kada ku gyara lamba don ta yi daidai da littafi. Idan na'urarku ba ta busar da tumatir fiye da tabarma ba, ku rubuta haka, mu san kada mu kashe kuɗi a kanta. Sannan duk wanda ya gama kundi ya fitar da shafi ɗaya da Hausa ko Fulatanci ko Larabcin Cadi, ko ya yi saƙon murya na minti uku a WhatsApp: ga abin da na auna, ga inda na auna, ga abin da zan ba maigini shawara ya yi. Ya tura wa mai waldan da ya taimake shi kafin kowa.

Idan akwai mai rumbun albasa ko mai bandar kifi a kusa da Garwa ko Marwa da zai yarda a sa wayoyin awo a wurinsa, ya yi mini magana ta akwatin saƙo, zan haɗa shi da yaran. Ba za a taɓa kayansa ba, wayoyi ne kawai za a cusa a tsakiyar tsibi da gefe da sama, a riƙa zuwa ana karantawa. Ga masu albasa, ya kamata a sa su tun ranar da aka zuba ta rani a rumbu, domin awon ya kama tun daga farko.