Ranar da Aka Bar Mini Zaɓen Hanya

A ƙungiyarmu ta masu hawan keke, duk ƙarshen mako mutum ɗaya ne ke zaɓen hanyar da za a bi. Da layi ya zo kaina sai na buɗe manhajar taswira a waya, na zana wata hanya mai kilomita 60 da ta ratsa saman wani tudu mai shimfiɗaɗɗen kai. Na aika wa jama'a da saƙo cewa kowa ya kwantar da hankalinsa, da zarar an hau sama shi ke nan, fili ne fetal har mu dawo. A ƙasan taswirar akwai wani ɗan zane mai kama da haƙoran zarto. Ni dai na ɗauka ado ne masu manhajar suka yi, kuma har gobe ina ganin da suna son a kula da shi da sun ƙara masa girma.

Farkon tafiya ba laifi. Ni ne a gaba, ina nuna wa mutane gonaki da hannu, sai ka rantse gadonsu na yi. Can sai titi ya sunkuya, muka fara gangarawa wani kwari. A gangare kuwa mai nauyi ne sarki, ni kuma Allah ya hore mini jiki. Na wuce kowa, agogon keke na nuna kilomita 55 a awa, iska na kaɗa mini riga. Na ji dattijon cikinmu, wanda duk muke kira Baba, yana ɗaga murya daga baya: "Yaro, duk abin da ka gangara bashi ne fa!" Na ɗaga masa hannu irin na wanda ya ji ya gode.

A gindin kwarin akwai ƙaramar gada, bayanta kuma allo mai ɗauke da 10%. Abin bai dame ni ba. A makaranta wanda ya ci goma cikin ɗari ko sunansa ba a kira. Baba ya iso yana juya feda a natse, ya ce, "Ka gane allon nan? Kowace mita 100 da ka yi gaba, ka hau mita 10 sama. Dutsen Alpe d'Huez mai lanƙwasa 21, da ake ta zuzutawa a tseren keke na Tour de France, matsakaicin hawansa kashi 8 ne da ɗoriya."

Na ce, "Baba, ai kekena ba ya da nauyi."

Gaskiya na faɗa. Dokar hukumar tseren keke ta duniya ta hana keken gasa ya gaza kilo 6.8, nawa kuwa kaɗan ya ɗara hakan. Abin da ba a rubuta a takardar keken ba shi ne tudu ba ya auna keke shi kaɗai, har da wanda ke kan sirdi yake haɗawa.

Na sauke giya ɗaya. Na ƙara saukewa. Na ƙara. Sai na danna na ji wayam, babu saura. Ban yarda ba, na ci gaba da dannawa ko Allah zai sa wata ta tsiro. Ƙaramin farantina na gaba haƙora 39 gare shi, babban na baya kuma 25. Na Baba 34 ne a gaba, 32 a baya, wato shi juyin fedarsa ɗaya kusan juyin taya ɗaya ne, ni kuwa kowane taki sai na tura taya juyi ɗaya da rabi har da 'yan kai. Ranar da na sayi keken an nuna mini irin na Baba, na ce wannan na tsofaffi ne. To ga tsohon can yana tafiya yana fito.

Na miƙe tsaye a kan feda. Na zauna. Na fara yanka titi daga wannan gefe zuwa wancan don in rage wa hawan kaifi. Agogo ya nuna 7, ya nuna 5, daga nan ya daina nuna komai, ina jin kunya ce ta kama shi. Sai keken ya tsaya cak.

Ga wanda bai sani ba, takalman masu tsere maƙale suke da feda, sai ka murɗa diddige waje kafin su saki. Na san wannan sarai. Ƙafata ce ba ta samu labari da wuri ba. Na karkata hagu a hankali, cikin mutunci, har na samu lokacin yin salati cikakke kafin in isa ƙasa. Na kwanta a gefen titi, keke na manne da ni, tayar gaba na juyawa a sama. Wasu shanu a bayan shinge suka ɗago kai, suka dube ni, suka koma kiwonsu.

Baba ya juyo, ya tsaya a kaina. Maimakon ya miƙo hannu sai ya ce, "Ka san kafin 1937 masu tseren Tour de France ba a yarda su yi amfani da na'urar canza giya ba? In zai canza giya sai mutum ya sauka, ya cire tayar baya, ya juya ta."

Na ce, "Baba, don girman Allah a cire ni daga feda tukuna, tarihin ya biyo baya."

Sauran hawan da ƙafa na ƙarasa shi, ina tura keke, ƙarfen takalmi na ƙwas-ƙwas a kan kwalta. Duk motar da ta wuce sai in sunkuya ina duba sarƙa, don a san matsalar inji ce.

A sama fili ne fetal, yadda na yi alkawari, ina so a rubuta wannan. Sai dai filin da ba itace ba gini, iska ba ta da mai tare ta, kuma ranar a fuska ta zo mana. Na laɓe a bayan Baba, tunda mai bin bayan wani yana rage kusan kashi 30 na wahalar iska. Mutumin da faɗinsa bai kai rabin nawa ba, shi ne ya zama garkuwata.

Ban gama maida numfashi ba titi ya sake sunkuyawa. Baba ya ja birki, ya ce in fito da waya. Ya nuna mini cewa ruwa ne ke yanka irin wannan tudu, kowane rafi ya haƙa kwarinsa, hanyar da na zana kuma ta bi ta kansu ɗaya bayan ɗaya a gicciye. Ya ce, "Ƙirga mana shuɗayen layukan nan." Na ƙirga. Huɗu ne suka rage. Babu wanda ya ce uffan, amma na ga wani yana cire ni daga jerin masu zaɓen hanya a wayarsa.

A gada ta gaba na sanar da jama'a cewa ya kamata a bar mutum ɗaya a nan ko da wani zai ɓata, kuma na sadaukar da kaina. Da suka ɓace a kwana na kira ƙanena ya zo da mota. Ya ce, "Yaya, kana ina?" Na ce ina cikin kwari, kusa da gada. Ya yi shiru yana duba taswirar da na tura masa, sannan ya ce, "Wanne daga ciki?"