Hankali ke gani: daga girar Anas zuwa wankan gishiri

Masu tarihi sun kawo labarin wata yamma a Basra da jama'a suka fita duban watan Ramadan. A cikinsu akwai Anas bin Malik, hadimin Manzon Allah (SAW), lokacin shekarunsa sun doshi ɗari. Can sai ya nuna sama ya ce ga watan can. Aka duba, aka sake dubawa, babu wanda ya ga komai. To wa zai iya ce wa sahabi bai gani ba? Iyas bin Mu'awiya, wanda daga baya ya zama alƙalin Basra, yana wurin. Shi bai ƙara ɗaga kai sama ba, fuskar dattijon ya duba, sai ya ga silin gashin gira guda ya lanƙwaso a kan idonsa. Ya sa hannu ya shafe shi, sannan ya roƙe shi ya sake nuna musu watan. Anas ya duba, ya ce yanzu kam ba ya ganinsa.

Anas bai yi ƙarya ba, kuma idonsa ya ga wani abu siriri mai lanƙwasa. Abin da ya faru shi ne zuciyar da ta fito neman jinjirin wata ta karɓi abu na farko mai kama da shi ta ba shi sunan wata. Bahaushe yana da karin magana biyu da ba sa jituwa a nan. Ɗaya ta ce gani ya kori ji. Ɗayar ta ce hankali ke gani, ido gululu ne. Ta farkon ce muke jawowa a wurin musu, mutum ya buga ƙirji ya ce da idona na gani, magana ta ƙare. Ni ina tare da ta biyun, kuma ina ganin yawancin abin da muke kira sani a yau, abu ne kawai da ya yi nasarar kama hankalinmu kafin wani ya kama.

A shekarar 1999 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a jami'ar Harvard ta Amurka, Daniel Simons da Christopher Chabris, sun nuna wa mutane wani gajeren bidiyo na matasa suna jefa wa juna ƙwallon kwando, wasu da fararen riguna, wasu da baƙaƙe. Aka ce kowa ya ƙirga sau nawa 'yan ɓangare ɗaya suka miƙa wa juna ƙwallo. Ana cikin haka wani sanye da kayan gwaggon biri ya ratsa ta tsakiyarsu. Kusan rabin masu kallon ba su gan shi ba. Za a iya cewa ai gama-garin mutane ne. To a 2013 an maimaita irin wannan da likitoci 24 ƙwararru a karanta hoton cikin jiki: aka ba su hotunan huhu su nemo ƙananan ƙullutu, aka liƙa ɗan hoton gwaggon biri a ciki wanda ya ninka ƙullutun girma sau 48. Ashirin daga cikinsu ba su lura da shi ba, alhali na'urar da ke bin motsin ƙwayar ido ta nuna yawancinsu sun kalli daidai wurin.

Anas ya ga abin da babu, likitocin sun kasa ganin abin da ke akwai, kuma sanadin ɗaya ne: kowa ya ga abin da ya fito nema. Ƙwarewar likitocin ma ba ta hana hakan ba, don hankalinsu ya tattaru ne a kan ƙullutu.

Duk wanda ya saurari yadda muke amfani da kalmar hankali zai ga cewa harshenmu ya daɗe da gane wannan. Hankali yana tafiya, yana tashi, yana kwanciya, ana ɗauke shi, ana jawo shi. In malami ya ce wa yaro ya mai da hankali, ya riga ya yarda cewa abin ya yi kiwo wani wuri, sai an koro shi gida kamar akuya. Kalmar dai ita ce muke nufin tunani mai kyau da ita in mun ce wane mai hankali ne, ita ce kuma sannu-sannu in mun ce a tafi a hankali. Wato a wurin Bahaushe basira da lura da rashin gaggawa 'yan ɗaki ɗaya ne. William James, Ba'amurken da ya rubuta kan wannan a 1890, ya ce abin da mutum ya rayu a ciki shi ne abin da ya yarda ya mai da hankali a kai. Ban ga ya faɗi abin da kakanninmu ba su sani ba, sai dai ya faɗa a rubuce.

Tambayar da ta fi ba ni sha'awa ita ce, in hankali ya tafi, wa ya rage a jikin? Kowane masallaci ya san wannan hali: ka yi kabbara, bakinka ya karanta Fatiha daidai, ka yi ruku'u da sujada, sai ka farka a zaune ba ka san ko raka'a ta uku ce ko ta huɗu ba, domin kai kana kasuwa tun raka'ar farko. Malaman fiƙihu ba su yi mamakin haka ba, babi guda suka ware masa, suka ce a yi gini a kan abin da aka tabbatar sannan a gyara da sujadar rafkanwa. Direban da ya saba hanyar Kano zuwa Zariya ma yakan tsinci kansa a Kwanar Dangora bai tuna yadda ya wuce Kura ba, kuma bai kaɗe kowa ba. A shekarun 1970 Lawrence Weiskrantz na jami'ar Oxford ya yi nazarin wani majiyyaci da aka yi wa tiyata a sashen gani na ƙwaƙwalwa. Mutumin ya dage cewa ba ya ganin komai a ɓangaren hagunsa, amma in an ce ya canka, sai ya nuna inda haske yake, ya kuma bambanta layi a tsaye da layi a kwance, yana dacewa fiye da yadda sa'a za ta iya bayarwa. Saƙon ido ya shiga, jiki ya yi aiki da shi, mai jikin bai samu labari ba. Masana falsafa har gobe suna gardama kan mene ne ainihin wannan kasancewa a cikin hayyaci, da yadda tsokar ƙwaƙwalwa ke haifar da jin cewa ni ne nake gani. Ba ni da niyyar raba wannan gardama. Abin da na ɗauka daga ciki ƙarami ne: buɗewar ido ba ta nuna cewa mai idon yana nan. Alƙur'ani da ya yi maganar wanda tunatarwa ke amfana a suratu Ƙaf, bai tsaya ga mai saurare ba, ya ƙara sharaɗin cewa yana halarce.

Daga nan sai batun yarda da sani. Bertrand Russell, masanin falsafa ɗan Birtaniya, ya ba da misali a 1948 da mutumin da ya dubi agogon da ya tsaya, ya ga ƙarfe biyu, kuma ta yi daidai ƙarfe biyun ne. Abin da ya yarda da shi gaskiya ne, yana da dalili tunda agogo ya duba, amma ba za a ce ya san lokaci ba, dace ya yi. Edmund Gettier, wani masanin falsafa Ba'amurke, ya gina kan irin wannan a wata maƙala mai shafi uku a 1963, kuma ta hana masana falsafar Turai da Amurka barci shekaru da dama. Mu kuwa muna cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Malaman usulu, wato ilmin tushen fiƙihu, ma sun jera matakai, yaƙini a sama, sai zato mai rinjaye, sai shakka, sai wahami a ƙasa, kowanne da hukuncinsa. Harshen Hausa har ɗan harafi ya tanada don wannan aiki, wato "wai". Wai an ce, wai an gani. Mai cewa wai yana gaya maka cewa kayan ba nasa ba ne, dako ya ɗauko. Matsalar ita ce wai ba ta jure tafiya. Kafin labari ya wuce baki uku ta faɗi a hanya, na huɗu zai ba ka shi da rantsuwa.

Akwai ƙorafi biyu da na san mai karatu zai iya yi, kuma duka suna da nauyi. Na farko: in haka ne, sai mu yi shakkar komai ke nan? Imam Gazali ya bi wannan hanyar har ƙarshenta. Ya lura cewa ido na ganin inuwa a tsaye alhali tana tafiya, yana ganin tauraro kamar ƙwandalar dinari alhali lissafi ya nuna ya fi ƙasa girma, sai ya tambayi kansa ko shi ma lissafin akwai wani alƙali sama da shi da zai ƙaryata shi. Ya ce ya yi kusan wata biyu a cikin wannan ciwo kafin Allah ya yaye masa. Ba wanda zai iya rayuwa haka. Ban taɓa zuwa Basra ba, a bakin wasu na ji akwai ta, kuma da ji na san ranar da aka haife ni. Ji ba abin raini ba ne, sai dai malaman hadisi da suka dogara kacokan a kan ji sun nuna yadda ake yinsa: ba su wadatu da cewa mai ruwaya mutumin kirki ne ba, sai sun bincika ko yana da kiyayewa. Gaskiyar mutum daban, lurarsa daban, kuma Iyas ya raba biyun ba tare da ya ci mutuncin kowa ba.

Ƙorafi na biyu ya fi zurfi. Mutum ba ya zaɓar abin da zai yarda da shi. Ko an ba ni miliyan ba zan iya sa kaina in gaskata cewa yau Sallah ce ba in ba ita ba ce. To ina laifin wanda ya yarda da ƙarya? Amsata ita ce laifin yana can baya, a inda ya kai hankalinsa kiwo. Ba ka da iko a kan abin da zuciyarka za ta gaskata bayan ta ji magana sau hamsin, amma kai ka zaɓi majalisar, kai ka zaɓi zauren WhatsApp ɗin. Shi ya sa ayar suratul Isra'i da ta hana bin abin da ba a da ilminsa ta lissafa ji da gani kafin ta ambaci zuciya a cikin abubuwan da za a yi tambaya a kansu. Herbert Simon, masanin tattalin arziki Ba'amurke, ya hango tun 1971 cewa yalwar labarai na cinye hankalin masu karɓarsu. Yau Facebook da TikTok ba sa karɓar ko sisi a hannunmu, lokacin da idonmu ke kan waya suke sayar wa masu talla, kuma abin da ya fi tsayar da ido shi ne abin da ya tsorata mu ko ya fusata mu.

Na san wannan a jikina. A farkon watan Agustan 2014, makonni kaɗan bayan wani matafiyi daga Laberiya ya shigo da cutar Ebola Legas, saƙo ya zagaye Najeriya cikin dare cewa kowa ya yi wanka da ruwan gishiri mai ɗumi ya kuma sha kafin gari ya waye. Gwamnati ta ƙaryata, amma aikin gama ya gama, an kwantar da mutane a asibiti, an kuma ba da rahoton mutuwar wasu saboda gishirin. Cutar da ta kashe mutum takwas a ƙasar, a Legas da Fatakwal ta tsaya, ba ta ko leƙo Arewa ba. Ni da nake rubuta wannan, da karatuna da komai, na yi wankan. Kafin asuba mahaifiyata ta kira ni, muryarta na rawa, ta ce, "Ka tashi ka dafa ruwa, ka tashi yaran nan." Ban tambaye ta wa ya gaya mata ba. Rawar muryarta kaɗai na ji, na ce, "To Hajiya, yanzu kuwa." Sai da rana ta yi, jikina na ƙaiƙayi, na sake kiranta na tambaya. Ta ce wata maƙwabciya ce ta buga mata ƙofa, ita ma wai ƙaninta ne ya bugo daga Abuja.