Bakano da Bazazzagi a Kwala Lamfur

Bakano da amininsa Bazazzagi sun je Malesiya bikin yaye ɗalibai, domin ɗan ƙanwar Bakano ya kammala karatu a can. Washegari Ɗalibin ya fita da su ganin gari, ya fara da tagwayen benayen Petronas.

Ɗalibi: Kawu, ɗaga kai ka gani. Kowannensu hawa 88 ne, tsawonsa mita 452, kuma daga shekarar 1998 zuwa 2004 babu ginin da ya kai su tsawo a duniya.

Bakano: Na gani, har wuyana ya ƙage. Abin da nake son ji shi ne, nawa ake ba da hayar shago a hawan ƙasa, kuma wane ne dillalin?

Bazazzagi: Ka ji halin Kanawa! An kawo ka ka ga hikimar ɗan Adam, kai kuma kana neman rumfa. Yaro, mene ne wancan da ya haɗa su a tsakiya?

Ɗalibi: Gada ce, Malam, a hawa na 41 da na 42, kuma sai an yanki tikiti ake hawa a hango gari.

Bakano: Wato in biya kuɗi domin in hango garin da nake tsaye a cikinsa kyauta? Ni da na tashi a gindin Dala, babu mai sayar mini da tsawo.

Da azahar suka yi salla a Masjid Jamek.

Ɗalibi: An buɗe wannan masallaci a 1909, a daidai inda kogin Klang da na Gombak suka haɗu, kuma daga nan birnin ya samo sunansa, domin ma'anar Kwala Lamfur ita ce mahaɗar ruwa mai laka.

Bazazzagi: Ai mu a Zariya mun daɗe da sanin wannan, shiru na yi in ga ko an koya maka daidai.

Bakano: Ashe da mun gyara Jakara, da mu ma Turawa na zuwa ɗaukar hoto.

Daga nan suka shiga jirgin ƙasa zuwa kogon Batu, wurin ibadar mabiya addinin Hindu a arewacin birnin, inda ake hawa matakala 272 kuma birai suka fi 'yan kallo sanin hanya.

Bazazzagi: Ku ci gaba da hawa, ni zan zauna a nan, ba don gajiya ba, sai don in tabbatar da lissafin matakalar daga ƙasa.

Bakano: Wayyo, hulata! Yaro, wancan ɓarawon mai wutsiya ya fizge mini hula, zanna bukar ce sabuwa, ko wanki ɗaya ba ta sha ba!

Ɗalibi: Kada ka bi shi, Kawu. Idan ka miƙa masa ayaba, mai yiwuwa ya saki hular ya karɓa.

Bakano: Ayaba guda sukutum? Raba ta biyu, mu fara taya masa rabi, domin ba a fara ciniki da kuɗin ƙarshe.

Ɗalibi: Ya karɓi rabin ya cinye, Kawu, ga shi ya hau sama da hular a baki.

Bakano: To, miƙa masa sauran, ka gaya masa iyakar abin da zan iya ke nan.

Ɗalibi: Ya cinye, kuma ya kira 'yan'uwansa guda biyu.

Bazazzagi: Yau na ga abin da zan ba jikoki labari: shekara talatin kana Kantin Kwari babu wanda ya taɓa yi maka albarka sau biyu, sai ga biri ya ci kuɗin kafin alƙalami ya riƙe kaya.

Sai da nonon ayaba guda ya ƙare hular ta faɗo, ta sha yawu. Da yamma suka biya kasuwar titin Petaling, inda Bakano ya rantse sai ya mayar da asararsa.

Bakano: Kun ga wannan mai ƙaya kamar bushiya? Na matsa wa mai shi har ya rage mini ringit biyar, na ɗauki uku.

Ɗalibi: Duriyan ne, Kawu, a nan sarkin 'ya'yan itatuwa ake ce masa, amma saboda warinsa yawancin otal-otal ba sa bari a shiga da shi, kuma namu ma akwai allon hani a bakin ƙofa.

Bazazzagi: Dama tun ɗazu nake zargin bututun gas ne ya fashe, ashe ribarka ce take tashi.

Bakano: Ku shiga ku kwanta, ni ba zan zubar da abin da na yi ciniki a kansa ba. Yaro, ɗauko mini kujera da cokali, sannan ka tambayi maigadin nan ko zai sayi biyu, zan sallama masa a yadda na saya.